Ranar da Zulai Ta Ce Ba Ta Gani Ba

Fa'iza ce ta sa ni rubuta wannan labarin. Ranar sunan ɗanta na biyu ta ja ni gefe, idanunta sun yi ja, ta ce ta ji wata daga cikin dangin mijinta tana ba da labarin mahaifiyarku a cikin mata. Wai ita ce matar nan 'yar garin Fammar da ta zubar da 'ya'yanta uku ta tafi Amurka neman wani abu, ta shekara huɗu, ta dawo ta tsaya gaban jama'a ta ce ba ta samo komai ba. Fa'iza ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta rasa abin da za ta mayar, don ita kanta ba ta san yadda aka yi ba. Ummanku ba mai ba da labarin kanta ba ce, in ka tambaye ta sai ta ce abin ya wuce. To ni zan ba ku, ku ukun, Nasiru da Fa'iza da auta Hadiza, yadda na gani da idona. Ku sani tun yanzu, in aka cire kalmar zubarwa, abin da matar nan ta faɗa gaskiya ne. Ta tafi, ta dawo, ta ce ba ta gani ba. Ni kuwa duk tsawon rayuwata ba ni da ranar da nake tinƙaho da ita kamar wannan.

A lokacin ina koyar da kimiyyar fizis a wata sakandare a Rano, muna zaune a gidanmu na gado a Kibiya tare da Inna, kakarku, da wana Yaya Garba da iyalinsa. Yaya yana da motocin haya biyu masu zirga-zirga tsakanin Rano da Kano, a cikinsu mahaifiyarku Zulai take tafiya jami'a, inda take ƙaramar malama. Fanninmu ɗaya da ita, amma tun muna ɗalibai na san ta fi ni. Lissafin da zan kwana biyu ina fama da shi, ita tana tsinkar zogale za ta leƙo ta nuna mini inda na karkace. Saboda haka ban yi mamaki ba da malamin da ya duba aikinta na digiri na biyu ya samo mata gurbin na uku a wata cibiyar bincike a Amurka.

Ga abin da ake yi a can, yadda na bayyana wa Inna. Akwai wata na'ura mai kama da zobe a ƙarƙashin ƙasa, ana koro ƙananan ƙwayoyin halitta a cikinta da gudu, a gwara su da juna. Daga karon sai wasu ƙwayoyin su ɓullo. Cikinsu akwai wata da ake kira mezon, wadda ba ta kai ƙiftawar ido take tarwatsewa ta koma wasu abubuwan. Lissafin masana ya ce a cikin biliyan guda na irinta, kamar uku kacal ne za su tarwatse su koma wasu ƙwayoyi biyu da ake kira miyon. Ba wanda ya taɓa ganin hakan ta faru. In aka duba aka ga tana faruwa fiye da yadda lissafin ya ce, to akwai wani abu a halittar Ubangiji da ɗan Adam bai sani ba tukuna. Inna tana ɓarar gyaɗa ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ɗago ba.

"Wato abin da ido ba ya gani, wanda ma ba ya son faruwa, shi za ta je ta zauna tana jira," in ji ta. "Hadiza kuwa ba a daɗe da yaye ta ba."

Shekarun nan ne da aka soma shari'a a jiharmu, kowa a majalisa ya zama mai ba da fatawa. Wasu suka ce haramun ne matar aure ta tsallaka teku ba muharrami. Wasu ba ruwansu da hukunci, ni suke yi wa dariya, wai mijin-ta-ce. Yaya Garba ya ce a tasha har yaran mota sun fara yi masa habaici. Da maganar ta yi yawa sai muka ɗauki babur muka tafi Fammar wurin mahaifinta, kakanku Malam Isyaku. Ya sa ta shiga cikin gida, ni ya tsayar da ni a zaure. Ya tambayi wanda zai kai ta, da hannun da za ta zauna. Sannan ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Sabi'u, ka yarda ne don kana so, ko don kana jin nauyinta?"

Na ce ina so. Na ce masa in ta zauna, zan riƙa ganin abin da na hana ta a fuskarta har mu tsufa.

"To izini naka ne, ba na majalisa ba. Ka kai ta da ƙafarka, ka ga ɗakin da za ta kwana, ka ga mutanen, sannan ka dawo ka riƙe gidanka."

Haka aka yi. Na kai ta, na damƙa ta hannun wani likita ɗan Sudan da matarsa, mutanen kirki masu salla, a gidansu ta zauna har ta gama. Aka kuma zaga da ni cibiyar. Fili ne shimfiɗe, ciyawa har iya ganinka, ga garken ɓauna suna kiwo a sama, zoben kuma yana ƙasa, in ka ce za ka zagaye shi a ƙafa sai ka gaji. Suka nuna mini na'urar da take kama sawun ƙwayoyin, ta fi gidan bene tsawo, wayoyi sun lulluɓe ta kamar saiwar gamji. Ni da na shekara goma sha wani abu ina zana ƙwayar zarra da alli a jikin allo, na tsaya ina ta kallonta. Zulai ta ce da ma ni ne zan zauna. Na ce mata da ni ne, da kafin wata uku sun sako ni a jirgi.

Ba zan ja ku da labarin shekarun da ba ta nan ba, Nasiru da Fa'iza kuna tuna wasu. Hadiza ta koma ɗakin Inna. Ni nake raka ku makarantar allo, ni nake zaman asibiti ranar da ƙyanda ta kwantar da ku biyu a mako guda. An ba ni gurbin ƙaro karatu a Zariya na mayar, don ba za a bar ku ba uwa ba uba ba. Sau ɗaya ta zo, ta yi azumi da mu ta koma. Wayar hannu ta shigo a shekarun, amma sabis bai kai Kibiya ba, sai duk Juma'a bayan la'asar in hau babur in je Rano, in hau wani dutse a bayan gari inda waya take kamawa. La'asar ɗinmu hantsinsu ne. A kan dutsen nan na bi aikinta kamar ni nake yi.

A nan ta ba ni labarin akwatin. Ta ce wurin da amsar za ta fito a cikin bayanan da na'urar take tarawa, rufe shi suke yi, ba mai leƙawa, ko shugabansu. Sai sun gama tsara yadda za su tace, yadda za su bambance miyon na gaske da wasu ƙwayoyin masu yin shigarsa, kowa ya sa hannu ya amince, sannan a buɗe. Dalili kuwa, in mutum ya ga amsar tun da wuri, zuciyarsa za ta riƙa gyara rariyar har sai ta tace masa abin da yake so. Aikin Zulai ke nan shekara uku, gyaran rariya a kan abin da ba ta da izinin gani. Na ba ɗalibaina wannan labari a aji fiye da yadda manhaja ta yarda.

Shekara ta huɗu ce shekarar da nake so ku sani. Zaɓe ya matso. Yaya Garba ya shiga tafiyar wani mai neman kujerar mazaɓarmu, wadda ta haɗa Rano da Kibiya. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Motocin Yaya su suke ɗaukar masa mutane zuwa taro. Tun da Yaya ya ji an kusa buɗe akwati, sai bakinsa ya sauya. Mutumin da a da yake sunkuyar da kai in an ambaci Zulai a tasha, yanzu shi yake tara direbobi yana gaya musu matar ƙanensa ta kusa gano abin da ya gagari Turawa. Na ce masa ya bari a buɗe tukuna. Ya ce ni dai ban iya murna ba.

Juma'ar da ta biyo bayan buɗewar na hau dutsen da wuri. Muka gaisa, ta tambayi Inna da ku, kamar kullum. Ni na gaji da jira na tambaya.

"Mun buɗe, Baban Nasiru. Babu. 'Yan abin da ke ciki ba su wuce dattin da muka san zai tsallake rariya ba."

Ba kuka take yi ba, gajiya ce a muryarta. Ta ce aikin bai tashi a banza ba. Yanzu suna iya cewa da tabbaci, in abin yana faruwa, to bai kai yawan kaza ba, kuma da wannan kaɗai wasu hasashe na manyan masana sun faɗi. Ta ce ba su gani ba, amma sun rage faɗin wurin nema ga na bayansu. Duk na san wannan, darasi ne da nake koyarwa. Duk da haka da na sauko sai da na zauna a kan babur ɗin na daɗe ban tayar ba. Da na gaya wa Inna, tambaya ɗaya ta yi, ko Zulai za ta dawo. Na ce za ta dawo. Ta ce to shi ke nan. Yaya kuwa ya tambaya ko za a ba ta digirin, na ce za a ba ta. Ya kaɗa hannu ya ce sauran duk turanci ne.

A lokacin kaka Zulai ta dawo, ana yankan dawa. Nasiru da Fa'iza kuka ruga kuka ƙanƙame ta tun daga ƙofar gida. Hadiza, ke ba ki tuna ba, amma bayan Inna kika ɓuya kika riƙe zanenta, kina tambaya yaushe baƙuwar za ta tafi. Kin ƙi karɓar abinci daga hannunta har aka gama sussuka. Ummanku ba ta taɓa tilasta miki ba. Za ta zauna nesa kaɗan tana yi wa Fa'iza kitso tana ba da labarin ɓauna, ke kina leƙe, kullum kina matsowa taku ɗaya, har ranar da kika zo kika kwance kallabinki da kanki kika zauna a gabanta. Abin da tafiyar ta jawo mata ke nan, kuma ban ga wani abu da ya taɓa yi mata ciwo kamarsa ba.

Ana cikin haka Yaya ya zo da albishir, wai mai gidansu na siyasa ya shirya taron karrama Zulai a Rano. Ba ta so ba, amma ba a mayar wa wan miji da irin wannan. Ranar taron aka turo mana mota. Filin wata firamare ne, an kafa rumfuna, ga makaɗa, ga mata da anko, ga 'yan makaranta an jera su a rana. Kafin mu fito wani na hannun daman ɗan takarar ya leƙo ta tagar da nake, ya ce kujerar shugaban sabuwar sakandaren da za a buɗe tawa ce, magana ta ƙare. Ya tafi. Sai na ga Zulai tana kallon wani abu a sama. Ƙaton ƙyalle ne an ɗaure tsakanin darbejiya biyu, hotonta a gefe, na ɗan takarar a gefe, a tsakiya an rubuta 'yarmu da ta gano abin da ya gagari duniya.

"Baban Nasiru, ka ga abin da aka rubuta?"

Na ce na gani.

"In suka ba ni lasifika zan gyara. Amma ba ni zan sha wahalar ba, kai da Yaya ne. In ka ce in yi godiya kawai in zauna, zan yi."

Ta san na ji abin da mutumin ya faɗa, don tana kusa da ni. Na kai shekara ashirin ina ƙaramin malami, yaran da na koyar sun fara zama shugabannina. Na hango Yaya cikin sabuwar shadda yana ta kai-komo yana jera kujeru da kansa. Na kuma tuna ɗalibaina suna cikin waɗanda aka jera a ranar nan, waɗanda na cika wa kunne da labarin akwati. Ban daɗe ba. Na ce mata ta gyara.

Aka yi jawabai, sanƙira ya wasa ta har ya ce ta fi na'urar Turawa gani. Sannan aka miƙa mata lasifika. Ta yi sallama, ta gode wa wanda ya shirya taron, ta gode wa Yaya Garba da ya shekara biyar yana kai ta Kano bai taɓa karɓar kuɗin motarta ba, ta gode wa Inna. Sai ta juya ta nuna ƙyallen.

"Wannan rubutun akwai kuskure a cikinsa, ina roƙon a yafe mini in gyara. Ban gano komai ba. Mu ɗaruruwa ne muka yi aikin, daga ƙasashe da yawa. Mun nemi wani abu shekara da shekaru, muka duba da iyakar ƙoƙarinmu, ba mu gan shi ba. Abin da na rubuta ke nan, a kansa aka ba ni digiri. Wataƙila wani cikin yaran nan da ke tsaye a rana ya gan shi wata rana. In ya gani, ya ce ya gani. In bai gani ba, kada ya ji kunyar faɗa."

Can daga baya wasu samari suka tuntsure da dariya, wani ya ɗaga murya ya tambaya to me ta je yi. Sanƙira ya yi maza ya ce tawali'u ne irin na masu ilimi, makaɗa suka rufe da kiɗa. Ɗan takarar yana ta murmushi, amma mukullin motar da aka ce zai ba ta kyauta bai fito daga aljihunsa ba. Da na waiga inda Yaya yake, kujerarsa ba kowa. Ita kuwa ta dawo ta zauna kusa da ni. Ni ban san lokacin da na miƙe zaune sosai ba, ina bin manyan da ke rumfar da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina so kowa ya san matar wa ce.

Kujerar shugaban makaranta ta tafi ga wani. Mutumin ya ci zaɓe, bayan 'yan watanni aka mayar da ni wata ƙaramar makaranta can gaba da Unguwar Gai, inda da damina sai ka tura babur a laka. Ba zan ce shi ya sa ba, don ban gani ba. A can na ƙarasa aikina. Yaya ya rasa jigilar 'yan siyasa, har ya sayar da mota ɗaya. Ya daina fitowa cin tuwo da ni a zaure. Gida ɗaya, masallaci ɗaya, amma shekara biyu daga gaisuwa ba ƙari, sai jinyar Inna ta ƙarshe ce ta sake zaunar da mu a tabarma ɗaya. A gari kuwa labarin da ya zauna shi ne wanda Fa'iza ta ji.

Malam Isyaku yana wurin taron, a layin gaba. Bayan mako guda muka je Fammar gaishe shi. Zulai ta durƙusa tana ba shi haƙuri ko ta ba shi kunya. Ya ce shi tun yana saurayi yake cikin masu fita duban wata a garin.

"Mutum goma za su fita, kowa yana so a ce shi ya fara gani. Wanda nake riƙewa a cikinsu shi ne wanda ya taɓa dawowa ya ce mini ya duba bai gani ba. Tashi ki zauna, Allah ya yi miki albarka."

Shekaru suka wuce. Ta ci gaba da koyarwa a Kano, ɗalibanta yanzu wasu suna koyar da wasu. Wata Asabar muna Kibiya, tana shanya kuɓewa a tsakar gida, saƙo ya shigo wayarta daga wata tsohuwar abokiyar aikinta. An gina wani zoben a Turai wanda ya fi nasu girma da ƙarfi, a can aka ga abin, kuma yawansa ya zo kusa da yadda lissafi ya ce. Wasu da suka yi aiki tare da ita suna cikin waɗanda suka gani. Ita ba sunanta. Ta karanta, ta miƙo mini, ta shiga ɗaki ta yi sujada. Da ta fito na tambaye ta ko abin ya sosa mata rai. Ta ce kaɗan, amma daɗin ya fi yawa, ta koma kan kuɓewarta. Da muka zauna cin tuwo a zaure na ba Yaya labari. Ya saurara har ƙarshe.

Washegari da hantsi muka ji kukan rago a ƙofar gida. Yaya ne, ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala, yana janye da wani ƙaton rago fari da ya sauko da shi daga bayan motarsa. Ya aika a kira Zulai. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi ragon, ta dube ni.

"Yaya, ai ba ni na gani ba."

"Na sani, Dakta. Duk Rano ta ji ki," in ji shi. "Wancan taron na wani ne. Wannan nawa ne."

Ya juyo gare ni ya ce in daina tsayuwa kamar baƙo, in zo in kama masa ƙafafun ragon.